Ba a Karanta Ma'auni a Tsaye

Dakoro, ƙarshen damina.

Zuwa ga ɗiyata ta fari, Ta Inna.

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, Ya sa kin sauka Yamai ba ciwon kai, ba ciwon baya na girgizar mota. Allah Ya tsare ki daga sharrin hanya da na masauki, Ya haɗa ki da mutanen kirki. Kakarki Inna tana gaishe ki, mahaifiyarki ma haka. Ƙannenki kuwa tun kafin ki ɗaure akwati suka fara rikici a kan wanda zai gaji tabarmarki.

Na ba kawunki Hamidu wannan takarda, na ce kada ya miƙa miki sai kun sauka. Da ni na miƙa miki da hannuna, da ni da ke duk ƙasa za mu duba. Kin san yadda muke da ɗan fari a nan: ba a kiran sunansa, ba a zama hira da shi, shi ya sa tun kina rarrafe aka kai ki ɗakin Inna, kika tashi ana ce miki Ta Inna. Duk tsawon rayuwarki maganar da ta shiga tsakanina da ke ba ta wuce gaisuwar safe da "yaya karatu" ba. Na kuma rubuta da Hausa da gangan. In na kama Faransanci sai in koma Mushe, wato malamin makaranta, in fara gyara murya kamar ina gaban allo, alhali abin da zan faɗa miki ba na mai gyara murya ba ne.

Batun salla da kame kai da kula da mutane, na san Inna da mahaifiyarki sun cika miki kunne da shi har ya yi yawa. Ni a kan ɗaki guda zan yi miki magana. Tunda kin zaɓi fizik da lissafi, za ki shiga ɗakin da na shiga a Dakar kina goye, ɗakin da na fito daga cikinsa da abin kunyar da har yau yake bina. Kin taso kina jin ana cewa iskar teku ce ta sa wa babanki tari ya dawo gida bai ƙarasa jami'a ba. Tarin gaskiya ne, na yi shi. Amma ba shi ya dawo da ni ba.

Bari in fara gaya miki yadda ɗakin yake, don ki shiga da saninki. Kawunki ya tambayo mini wani ɗalibi da ya riga ki, ya ce tsarin Yamai kusan ɗaya ne da wanda na sani. Sau ɗaya a mako za a kai ku wani dogon ɗaki mai manyan tebura, da famfo a jikin bango, da kayan awo jere cikin kabad. Shi ake kira labo. A aji malami ke magana ku rubuta, a nan kuwa ku za ku taɓa da hannunku, tun bayan azahar har rana ta yi sanyi. Ana raba ɗalibai biyu-biyu. Abokin aikinki shi ake ce wa binom, kuma da shi za ki kai ƙarshen shekara. Kowane tebur da nasa gwaji: nan zare da dunƙulen ƙarfe, can gilashin haske, gaba ruwan zafi da ma'aunin zafi, a kusurwa wayoyin lantarki. Kowane mako ku matsa zuwa tebur na gaba har ku zagaye ɗakin. Akwai matashin malami da ke yawo tsakanin teburan, asistan, shi ke duba ku, shi ke ba da not, wato maki.

Not ɗin kuwa ga yadda yake fitowa. Kafin ku taɓa komai asistan zai yi muku tambaya ya ji ko kun karanto takardar gwajin daga gida. Abin da kuka auna ku rubuta shi nan take, ya sa hannu kafin ku fita. Mako na gaba ku kawo rahoto guda ɗaya ku biyu, da lissafi da zane, a ba shi not a kan ashirin, kuma not ɗin naku ne ku duka, wanda ya yi aiki da wanda ya yi kallo. Sai ƙarshen shekara a raba ku. Kowa ya sa hannu cikin kwali ya jawo 'yar takarda, teburin da ya faɗo masa ya je ya yi gwajin shi kaɗai. Wanda ya faɗi ƙasa sosai a wannan, ko da ya cinye jarrabawar rubutu, ba ya wucewa. Ki riƙe wannan na ƙarshe, za mu dawo kansa.

Ni ban je jami'a da ƙuruciya irin taki ba. Na riga na yi shekaru ina koyarwa a lakwal, makarantar firamare, ga mata, ga ki. Da ƙasa ta samu 'yancin kai aka ga ba mu da malaman kimiyya namu, sai aka zaɓi wasunmu, muka yi wata jarrabawa, aka tura mu ƙarin karatu. Na isa Dakar da wando mai karin guga da taye a wuya, ina jin kaina sosai. Ranar farko a ƙofar labo, cikin ɗalibai daga ƙasashe iri-iri, sai na ga wani saurayi ya zube ƙasa a gabana.

"Mushe, kun kwana lahiya? Ni ne Illa, na Ɗan Gulbi."

Illa yaro ne da na koyar a ajin ƙarshe na lakwal. Tun a lokacin nakan ba shi lissafi, kafin in juyo daga allo ya gama. Ya wuce lise, wato sakandare, ya ci bak, jarrabawar shiga jami'a, ga shi yau ajinmu ɗaya. Sauran ɗaliban suka yi ta dariya ganin mutum durƙushe gaban ɗan ajinsu. Ya kamata in ɗaga shi in ce, Illa, a nan ni da kai ɗaya muke. Ban faɗa ba. Daɗi na ji, har na bar shi ya ɗan jima a ƙasa don kowa ya gani.

Da aka ce kowa ya nemi binom, wani ɗan Dahomey mai yawan gardama ya zo ya ce mu haɗu. Na dube shi na san wannan in na ce fari zai ce a kawo fitila a duba. Na ce masa ina da abokin aiki. Na juya na ce, "Illa, kai za ka zauna tare da ni." Ya ce, "To, Mushe." Daga baya na ji ashe ya riga ya yi alkawari da wani sa'ansa, ya je ya ba shi haƙuri. Kuskurena na farko ke nan, kuma shi ya haifi sauran. Na zaɓi mutumin da na san ba zai taɓa ce mini a'a ba. Don haka ranar da za ku zaɓi binom, kada ki nemi wadda za ki fake a bayanta, kada kuma ki nemi wanda zai riƙa bin ki da to. Ki nemi wanda in kin yi kuskure bakinsa zai iya faɗa, ke ma naki zai iya. In mai gardama ne, ki yi haƙuri da shi, gardamarsa za ta yi miki rana.

Batun shiri daga gida ba zan ja shi ba. Illa ke karanta takardar gwaji, ya yi mini bayani a hanya muna tafiya, yana yi yana cewa "kamar yadda kunka sani, Mushe", don kada in ji kunya. In asistan ya jefo tambaya ni nake riga shi buɗe baki, da kalmomin da na tsinta a bakinsa ɗazu. Ki karanta takardarki da kanki, ko da barci yana fizgar ki. Wanda ya shiga labo bai san abin da ya zo nema ba, rabin lokacinsa a jujjuya kaya yake ƙarewa.

Ga wanda ya fi ci mini rai. Tun makon farko na raba mana aiki: ni ne mai awo, Illa mai rubutu. Na jawo masa wata gajeruwar kujera ya zauna da takarda a gwiwa, ni ina tsaye ina faɗa yana rubutawa, sak yadda muke a lakwal. To akwai wata doguwar kwalba mai layi-layi da ake auna ruwa da ita. Ƙa'idarta ita ce ka kawo idonka daidai da saman ruwan kafin ka karanta. In ka duba daga sama, layin da za ka gani daban, wanda ruwan ya tsaya a kai daban. Haka ma'aunin zafi, haka allurar na'urar lantarki. An gaya mana wannan tun ranar farko, kuma na fahimta sarai. Amma kwalbar tana kan tebur, ni kuma dogo ne. Kafin idona ya zo daidai da ruwan sai na lanƙwasa gwiwa na durƙusa. A gaban wa? A gaban yaron da na koya wa rubutu, cikin ɗaki cike da yara. A garinmu ƙarami ke durƙusa wa babba. Gwiwata ta ƙi, sai na riƙa ɗan sunkuyar da kai ina karantawa daga sama.

Illa kuwa daga kan gajeruwar kujerarsa idonsa daidai yake da ruwan. Duk abin da na karanta ba daidai ba, yana gani. In na faɗi lamba sai ya dubi kwalbar, ya ɗago ya dube ni, ya mayar da kansa ƙasa, ya rubuta abin da na faɗa. Na lura da wannan kallon tun farko. Na gaya wa kaina ladabi ne.

Wata rana asistan ya tsaya a teburinmu. Wani dogon saurayi ne ɗan ƙasar, bai kai ni shekaru ba. Ya dubi takardar Illa, sannan ya tattare wandonsa ya durƙusa har gwiwarsa ta taɓa ƙasa, ya dubi kwalbar. Ya miƙe ya ce, "Wa ya karanta wannan?"

Na ce, "Ni."

Ya juya ga Illa. "Kai fa, me ka gani?"

Illa ya ce, "Abin da Mushe ya gani."

Asistan ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, "An haɗa ku biyu ne don ido huɗu su duba. Ku kuna aiki da biyu, su ma daga sama suke leƙe." Ya wuce teburi na gaba.

Kin san abin da na yi? Da muka fito na ce wa Illa yaran birni ba su da tarbiyya, ba su san babba ba. Illa ya ce, "Haka ne, Mushe." Mako na gaba na ci gaba da karatuna a tsaye. Ina rubuta miki wannan fuskata tana zafi kamar yau abin ya faru. Ki durƙusa, ɗiyata. Ko zanenki zai kwashi ƙura, ko wa ke kallo, ki kawo idonki daidai da abin da kike aunawa. In kin karanta, kada ki faɗa da ƙarfi tukuna. Ki bar binom ɗinki ya duba nasa, sannan ku gwada. In ya ji naki tun farko, idonsa naki zai bi.

Sai maganar zare da dunƙulen ƙarfe. Ana rataye dunƙulen, a kaɗa shi yana lilo, a auna tsawon zaren, a auna lokacin lilon da agogo, daga nan a lissafo ƙarfin da ƙasa ke jawo abu da shi. Amsar tana cikin kowane littafi, kowa ya san ta da ka. Da Illa ya yi lissafi da abin da na auna, sai amsarmu ta faɗi nesa da ta littafi. Yanzu na san dalili: na tsayar da awon zaren a saman dunƙulen maimakon tsakiyarsa, kuma yatsana yana makara a kan agogo. A lokacin kuwa abin da na gani kawai shi ne za a ce Mushe bai iya ba. Na ce wa Illa daga yau ya fara rubutawa da kiriyo, wato fensir, mu yi lissafi a gefe, in amsa ba ta fito ba ya goge ya ɗan matsa lambobin, sannan ya bi da bik, biron da ba ya goguwa, kafin asistan ya zo sa hannu. Hannunsa ya tsaya a kan takarda. Wannan ne kaɗai karon da ya kusa yi mini magana.

"Mushe, ko mu sake aunawa?"

Na ce, "Ka ga akwai lokaci? Rubuta."

Ya rubuta. Rahotonmu ya dawo da not ɗin da ban taɓa ba wa ko da malalacin ajina ba, da jan rubutu a gefe cewa ba hannun ɗan Adam da ke auna abu sau da yawa ya samu amsa ɗaya tak, kuma ta zo daidai da littafi. Ɗan Dahomey da binom ɗinsa kuwa, takardarsu duk karce-karce, amsarsu ma ba ta kai ta littafi ba, amma sun rubuta iyakar kuskuren da awonsu zai iya ɗauka, sun faɗi inda suke zaton ya fito. Su suka fi kowa not. Ranar na gane abin da ake nema a labo, ko da yake ganewar ba ta canza halina ba. Ba amsar littafi ake biya ba, tana nan tun kafin a haife mu. Abin da ake dubawa shi ne ko kin auna da gaskiya, kin maimaita, kin san iyakar abin da kayanki za su iya nunawa. Ki rubuta da bik tun farko. In kin yi kuskure ki ja masa layi ɗaya yadda za a iya karanta shi, ki rubuta sabo a gefe. In amsa ta fito a karkace ki bar ta a karkace, ki zauna ki nemi dalili. Kuma kowace lamba ki sa mata sunan ma'auninta, don asistan ba ya yafe wannan.

Da wannan ne kaɗai, da na ce mun raba asara, tunda not ɗinmu ɗaya. Lissafin Illa da tsabtar zanensa suka riƙa jawo rahotanninmu sama kaɗan-kaɗan, muka rarrafa zuwa ƙarshen shekara. Sai ranar kwali ta zo.

Na sa hannu na jawo teburin gilashin haske, wanda na riga na jujjuya da hannuna. Illa ya jawo na lantarki. Daga inda nake ina hango shi a kusurwa. Ya san komai na gwajin nan a kansa, da za a ce ya rubuta a allo da ya rubuta ido rufe. Amma shekara guda cur ban bar shi ya ɗaura waya ko ɗaya ba. Duk lokacin da ya miƙo hannu sai in ce, "Bari, kai dai rubuta." Na ga ya ɗauki waya ya ajiye, ya sake ɗauka. Ƙa'ida ita ce ba a kunna wuta sai asistan ya duba haɗin. Ya kira shi, asistan ya duba ya girgiza kai. Ya warware ya sake, aka sake girgiza kai. Sau ɗaya ya ɗago ya dubi wajena, ba don in taimake shi ba, don ya saba in ya rasa abin yi ni yake duba. Na mayar da idona kan gilashina. Lokaci ya cika bai auna komai ba.

A jarrabawar rubutu Illa yana cikin na gaba-gaba. Labo ya kayar da shi. An ba shi dama ta biyu bayan hutu, amma labo a rufe yake duk hutun, kuma hannu ba ya koyon aikin shekara daga littafi. Ya sake faɗuwa, aka ba wani gurbinsa, ya koma gida. Ni na wuce da ƙyar, saboda hannuna ya saba da kayan da na hana shi taɓawa. Shekara ta biyu, ba Illa mai yi mini bayani a hanya, lissafi ya fi ƙarfina tun watannin farko. Da tarin ya zo sai na rungume shi hannu biyu, na dawo da shi gida a matsayin dalili.

Illa yana nan a Ɗan Gulbi yana noma, da iyalinsa. Kin taɓa ganinsa ma, shi ne mai kawo mana kabewa bayan kaka, wanda ba ya yarda ya zauna a kan kujera. Shekarun baya na gamu da shi a kasuwar Kornaka ya kawo gero. Yana ganina ya zube ƙasa, ga furfura ta fara fito masa. Na ja shi gefe bayan rumfa, na yi ta kewaye-kewaye kafin in iya tambaya.

"Illa, ruwan nan na kwalba, a Dakar. Kana ganin ina karantawa ba daidai ba?"

Ya yi murmushi yana wasa da ƙasa da yatsa. "Ina gani, Mushe."

"To don mi ba ka faɗa ba?"

"Haba, Mushe. Ina ni ina gyara muku? Ku kunka koya mini riƙon alli."

Na so in ce ya yafe mini. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina tambayar sa yaya damina. Ya ce alhamdu lillahi, ya ɗebo mini gero a ƙwarya ya ce in kai wa yara. Na karɓa. Har wannan ma na karɓa.

Da na yi niyyar in tafi da labarin nan kabari. Abin da ya sa na fasa ya faru ne makonni kaɗan da suka wuce, kuma kina wurin. Kin san ma'aunin ruwan sama da ke filin lakwal, wanda aka ɗora mini karantawa in aika wa hukuma tunda ni ne direkta, shugaban makarantar. Safiyar da aka kwana ana ruwan nan mai yawa, na juye ruwan cikin kwalbarsa, na shigo da ita gida, na ɗora a kan turmin da aka kife a tsakar gida. Yanzu gwiwata ciwo take yi da gaske, na samu hujjar da ban da ita a Dakar. Ina tsaye ina leƙawa kika shigo daga ɗakin Inna, kika durƙusa kusa da turmin kika ce, "Baba, ina kwana." Na amsa, na faɗi lambar da ƙarfi don kada in manta. Kika dubi kwalbar. Kika ɗago kika dube ni. Kika mayar da kanki ƙasa.

Na watsar da ruwan a gindin itacen bedi, na kama hanyar lakwal. Sai da na kai ƙofar aji ƙafata ta tsaya, don na tuna inda na san wannan kallon. Ke da kika ci bak da fizik, kin san ƙa'idar kwalba fiye da ni, idonki yana daidai da ruwan, kin gani, kin yi shiru. Kuma ba laifinki ba ne. Mu muka rene ki haka, har muna alfahari a gari cewa Ta Inna ba ta ɗaga ido gaban babba. Ranar ban iya koyar da komai ba, na ba yara karatu na zauna ina kallon taga.

Tsorona ke nan, kuma shi ya sa na rubuta duk wannan. Mata a ajinku ba za su yi yawa ba. Mai yiwuwa binom ɗinki namiji ne, wataƙila ya girme ki, wataƙila ma tsohon malamin lakwal ne irina mai wando da kari. Ranar farko zai jawo miki kujera cikin fara'a ya ce ke rubuta, tunda mata sun fi kyan rubutu, shi zai yi awo. Ba mugu ba ne, ni ma ban ɗauki kaina mugu ba. In kika zauna a kujerar nan, ranar kwali ke kaɗai za ki tsaya gaban wayoyin da ba ki taɓa ɗaurawa ba. Ki ce masa cikin ladabi ku riƙa canji, wannan awon nasa, na gaba naki. Kowane kaya a ɗakin nan sai ya ratsa ta hannunki kafin shekara ta ƙare. In ya karanta kika ga ba haka ba, ba sai kin ɗaga murya ba. Ki ce, "Ni ba haka na gani ba, mu sake dubawa." Ki yi ta maimaita wannan magana a ɗakinki har bakinki ya saba da ita. In kuwa Allah Ya sa ke ce kika fi binom ɗinki ƙarfi, shi ke jin nauyinki, to ki tuna da Illa, ki tura masa kayan ki karɓi bik.

Ladabinki ki riƙe shi, ban ce ki zubar ba. Ki gaida manya, ki durƙusa wa wanda ya cancanta. Amma shirun da ke barin babba ya rubuta ƙarya bai amfane ni ba, kuma ya ci Illa. Bayan kaka, in ya kawo kabewa, na ɗauki alkawari zan faɗa masa abin da na kasa faɗa a Kornaka. Ki taya ni da addu'a kada in sake tambayar sa damina.

Allah Ya buɗa miki ƙirji, Ya ba ki ido mai gani da baki mai faɗar abin da ido ya gani. Allah Ya tsare ki a kwance da a tsaye, Ya kare ki daga ciwo da mugun aboki, Ya dawo mana da ke lafiya Inna tana da rai ta gan ki. Ki gaida kawunki, ki ce na gode da ɗawainiya.

Saura roƙo ɗaya. Ruwan safiyar nan na zubar da shi, lambar da na aika kuma na san ba daidai ba ce. Duk duniya ke kaɗai kika ga ta gaskiya. Ina so in gyara, kuma ina so gyaran ya fito daga bakinki, ya zama ni ne babban da za ki fara gwadawa a kansa. Na san da nauyi. Ni ma ga nawa nauyin zan sauke don ki ga ana iyawa, abin da ban taɓa yi ba tun ranar sunanki.

Rahamu. Rahamu, ɗiyata, rubuto ki gaya wa babanki: nawa kika gani?

Ni ne mahaifinki,
Isuhu.